Almakashin Mai Hoto

Mai hoto mutum ne da ba ya son ganin fili a cikin hoto. Idan ango da amarya suka zo shagonsa, sai ya dasa musu tukunyar furen roba a gefe. Idan ɗan makaranta ne, ya ɗora masa ƙaton littafi a cinya, ko da yaron bai taɓa buɗe irinsa ba. Matarsa ta sha ce masa, da za a ƙyale shi, akuya ma sai ya rataya mata jaka kafin ya ɗauke ta. Shi kuma ya ce ba ta san aikin ba ne, hoton da bai yi magana ba takarda kawai aka ɓata.

Shagon nasa yana kallon ofishin 'yan sanda, titi ne kaɗai ya raba su. Tun da wayar hannu ta mai da kowa mai hoto, ciniki ya ja baya, sai ɗan fasfo jefi-jefi. Abin da ya riƙe shagon shi ne holi. Duk ranar da aka tara mutanen da ake zargi da laifi, Sufeto zai fito bakin ƙofa ya ɗaga masa hannu, shi kuma ya rataya kyamara ya tsallaka. A zaunar da mutanen a ƙasa a farfajiyar ofis, a jera kayan da aka ce an kama su da su a gabansu, ya ɗauka, ofis ya raba wa 'yan jarida.

A nan ma ba ya barin hannunsa. Shi ke cewa a cire wa wannan takalmi, a matso da wancan, a juya wuƙa ta kalli rana don ta yi ƙyalli. Kuma kafin ya danna, sai ya daka tsawar da duk ofishin suka haddace har suna kwaikwayonsa da ita: "Sunkuya!" A ganinsa mutumin da ya ɗaga kai yana ɓata hoto, don mai kallo zai fara tunanin ko ba shi ba ne.

Akwai wani babban almakashin ƙarfe a shagon, irin wanda ake datse kwaɗo da shi. Ya saye shi ne shekarar da makullin shagon ya ɓata. Robar hannunsa ɗaya ta tsage tana cizon tafi, sai matarsa ta yago ƙyalle daga wani tsohon zaninta, kore mai zanen kifaye rawaya, ta naɗe masa tam. Wata rana aka yi holin wasu mutane da ba a samu komai a hannunsu ba sai fitila, mai hoto ya duba ya ga gabansu fayau, ransa bai so ba. Ya tsallaka ya ɗauko almakashin ya ajiye. Sufeto ya yi dariya ya ce, "Kai dai ka iya aikinka." Aka ɗauka, ya mai da abinsa shago. Daga nan ya zama sabo, in kaya sun yi kaɗan sai a ce ya kawo aron nan.

Ranar da abin ya ɓaci, mutum ɗaya ne a farfajiyar. Mai gyaran firji ne, siriri, da shuɗiyar rigar aiki da tabarau mai kauri. An fasa wani sito na kayan sanyi, an datse kwaɗon ƙofa an yi gaba da injina, shi kuma an gan shi a wurin kwana ɗaya kafin nan yana gyara. Aka zazzage jakar aikinsa a gabansa: sukundireba, filaya, 'yar mitar gwada wuta, da guntayen waya.

Mai hoto ya hango daga nesa ya ce wa Kofur, "Cire masa tabarau ɗin nan. Ya yi kama da malamin makaranta."

Kofur ya zare. Mutumin ya hau ƙifta ido yana laluben inda maganar ta fito.

"Don Allah ku ba ni tabarau ɗina, ba na gani sai da shi," in ji shi. "Kuma ni ban yi komai ba. Na ce muku ina son a kira mini lauya. Ko kotu ba a kai ni ba, hoton me za a yi mini?"

'Yan sandan da ke tsaye suka bushe da dariya. Mai hoto ma ya dara, ya tsallaka titi ya dawo da almakashin, ya miƙa wa Kofur ya shimfiɗa shi a kan jakar. Ya ja da baya, ya ɗaga kyamara. Mutumin yana nan kansa a sama, yana ta maimaita maganar lauya.

"Kai mai shuɗiyar riga! Sunkuya!"

Bai sunkuya ba, sai da Kofur ya dafa masa ƙeya ya danna ƙasa, sannan ya janye hannu da sauri don kada ya fito a hoto. Hoton ya yi kyau ƙwarai, har mai hoto ya tsaya yana yaba wa kansa.

Sai dai a ranar an sami sabon ɗan sanda a ɗakin ajiyar kayan shaida, wanda bai san da maganar aro ba. Kafin mai hoto ya gama nuna wa Sufeto abin da ya ɗauka, sabon nan ya kwashe komai, ya ɗaura wa almakashin alama, ya kulle a ɗaki. Mai hoto ya yi wa Sufeto raɗa. Sufeto ya sosa kunne ya ce, "Ai ya riga ya shiga. Fitar da shi yanzu surutu ne. Bari kawai, mu samo maka wani." Mai hoto ya ce wa ransa ai kotu ta san aikinta. Ya koma shago ya ci gaba da wanke fasfo.

Watanni suka wuce.

Mai hoto yana da 'ya ɗaya wadda ba a gama gaisawa da shi bai sako ta a zance ba. Lauya ce, tana aiki a ofishin da ke tsaya wa marasa hali a kotu kyauta. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, don haka Uwata yake ce mata. Hotonta na ranar da aka rantsar da ita shi ne mafi girma a bangon shagon. A cikinsa tana rungume da kundin tsarin mulki, shi ya cusa mata shi a hannu ranar, don ya ga hannun nata babu komai. Shi kansa bai taɓa buɗe kundin ba.

Ta zo gida wata ranar hutu da hantsi. Ya fito falo yana washe baki. "Uwata ta kaina! Yau wa aka ɗaure, wa aka kwance?"

Ba ta yi dariya ba. Ta gaishe shi yadda ta saba, ta gaishe da mahaifiyarta, sannan ta ciro hoto daga jaka ta ajiye a kan tebur tsakanin kofunan shayi.

"Baba, wannan aikinka ne?"

Ya duba, ya gane hannunsa nan take. "Nawa ne mana. Dubi yadda haske ya zauna."

"Mama, zo ki duba hannun almakashin nan."

Uwar ta matso tana goge hannu da gefen zani. Ta sunkuya ta duba, ta ƙara dubawa. Sai ta miƙe a hankali ta dafe ƙirji.

"Wannan ai zanina ne. Mai kifayen nan. Ni na naɗa da hannuna." Ta juyo ga mijinta. "Malam, ba kai ka ce mini maƙwabci ya ara bai dawo da shi ba?"

Ya kawar da kai daga hoton.

'Yar ta ce, "A bayan Mama aka goya ni da zanin nan, akwai hoton a ɗakinka. Shekaranjiya aka ba ni fayil ɗin mutumin. Ina buɗewa na ga kifayen, na rufe, na shiga banɗakin ofis na kulle kaina. Baba, duk shari'ar a kan almakashin nan take tsaye. Babu wanda ya gan shi yana fasa sito. Ba a samu inji ko ɗaya a wurinsa ba. An datse kwaɗo, ga almakashin datse kwaɗo a kan jakarsa, shi ke nan. Saboda shi aka hana shi beli. Tun ranar yana tsare."

"Ni fa hoto kawai na ɗauka," in ji mai hoto, muryarsa ta yi sama fiye da yadda ya so. "Ni na kama shi? Ni na ce ɓarawo ne?"

"Hoton ne ya ce. Kai ka sha gaya mana hoto yana magana."

"To in shi ne fa? Wa ya san abin da ya yi? Ai ba a kama mutum haka kawai."

"Ko da shi ne, ba kai za ka faɗa ba, ba Sufeto ba. Tsarin mulki cewa ya yi duk wanda ake tuhuma, ba shi da laifi sai ranar da kotu ta tabbatar. Masu ƙara ne za su kawo hujja, ba a ara musu ita daga shagon da ke tsallaken titi. Ya gaya mini ya nemi lauya a gabanku, kuka yi masa dariya. Yana da haƙƙin wannan ma. Matarsa ta daina zuwa kasuwar unguwarsu. 'Yarsa a makaranta, 'yar mai almakashi ake ce mata."

Uwar ta zauna a hannun kujera ta rufe baki da mayafi. Shayin ya huce ba wanda ya taɓa.

Can 'yar ta sauke murya, ta koma irin wadda take magana da mutanen da take karewa. Wannan ta fi yi masa ciwo a kan faɗan.

"Na miƙa fayil ɗin ga abokin aikina, don bai dace in riƙe shari'ar da mahaifina ke ciki ba. Na gaya masa abin da idona ya gani, amma ƙyallen zani ba ya rantsuwa a kotu, za su ce ai zani irin wannan ya cika kasuwa. Mai almakashin ne kaɗai zai iya cewa nasa ne. Kuma dole in gaya maka gaskiya: in ka faɗa, kai ma ana iya tuhumarka. Saboda haka kana da 'yancin yin shiru. Ba wanda ya isa ya tilasta ka ka faɗi abin da zai ja maka laifi, ko ni. In kuma ka yanke za ka yi magana, kada ka buɗe baki sai da lauya a gefenka. Zan samo maka."

Ya kalle ta, ya ga da gaske take. Abin da siririn mutumin nan ya roƙa yana zaune a ƙasa ba tabarau, shi ne ake miƙo masa yanzu a falonsa, yana kan kujera, ba tare da ya ko tambaya ba. Kunya ta rufe shi, ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Ya kuwa yi amfani da 'yancin nasa na yin shiru. Kwanaki ya yi bakinsa a tsuke. Da safe ya buɗe shago, ya share, ya zauna ya ba wa hoton 'yarsa baya. Sufeto ya ɗaga masa hannu ranar wani holi, ya aika cewa kyamara ta lalace. Da yamma Sufeto ya tsallako da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa yana wasa da makullin mota.

"Na ji ana wata magana," in ji shi. "Kai dai ka san ba ni na ɗauko abin nan daga shagonka ba. Da ƙafarka ka kawo. Ka yi tunanin girmanka."

A gida kuma matarsa ba ta ce masa ci kanka ba. Ta dafa, ta ajiye, ta tashi. Wannan matar da in ta fara tsokanarsa sai ya toshe kunne, yanzu ko sunan kyamara ba ta ambata. Ranar da ya gaji ya ce mata, "Wai ni kam ba za a yi mini magana ba ne a gidan nan?" sai ta shiga ɗaki ta buɗe akwati. Ta fito da sauran zanin, kore mai kifaye, gefensa a yage. Ta ninke shi ta ɗora a kan jakar kyamararsa.

"Ka ce kana son magana," ta ce. "In ka je, ka nuna musu inda na yaga. Bakin zai dace da nasu. Ni dai zanina ba zai ɗaure ɗan wani ba."

Washegari ya kira 'yarsa ya ce ta turo lauyan.

Ofishin mai gabatar da ƙara ɗaki ne mai fanka ɗaya da fayiloli har kan taga. Mai hoto ya zauna, lauyansa a gefe yana taɓa masa gwiwa duk sanda ya fara zarce da magana. Aka kawo almakashin daga ajiya, aka warware ƙyallen, aka kara shi da zanin. Rabin kifin da ke jikin ƙyalle ya haɗu da rabin da ke jikin zani. Mai gabatar da ƙara, wata mata mai furfura da ba ta ɗaga murya, ta ce ta gani, amma me zai nuna cewa almakashin ba sayar da shi ya yi wa mutumin ba, ko ba sace masa aka yi ba?

Lauyan ya raɗa masa cewa ba dole ne ya amsa ba. Mai hoto ya ce ya sani. Ya buɗe kwamfutarsa ya shiga tsofaffin hotunan holi, don shi ba ya goge aikinsa. Ya juya mata ita. Ga almakashin a gaban wasu samari biyu. Ga shi a gaban wani dattijo mai gemu. Ga shi a gaban wani direba, ga shi a gaban wani da ko fuskarsa ba a gani saboda sunkuyo. Kowane hoto da kwanan watansa, duk kafin a fasa siton, kuma a kowanne kifayen nan rawaya suna nan a hannun almakashin.

Matar ta daɗe tana kallo. Sannan ta cire tabarau ta dube shi.

"Su waɗannan fa, ina suke yanzu?"

"Ban sani ba," ya ce.

"Ba ka taɓa tambaya ba?"

"Ban taɓa ba."

Ta ja takarda ta fara rubutu. Da zaginsa ta yi, da ya fi samun sauƙi.

Aka janye tuhumar da ake yi wa mai gyaran firji, alƙali ya sallame shi. Aka ɗauke Sufeto daga ofishin, aka ce za a sake duba fayilolin sauran. Mai hoto kuma aka ce ya koma gida ya jira, za a neme shi. Jaridun da suka buga hoton a shafin farko, ko layi ɗaya ba su rubuta kan sallamar ba. Holi ya tsaya a ofishin da ke tsallaken titi, aƙalla na ɗan lokaci, shagon ya koma dogara da fasfo. Matarsa ta dawo zama a teburin gaba tana karɓar baƙi, ta kuma dawo da tsokanarta kaɗan-kaɗan.

Wata rana da azahar yana bayan labule yana gyara fitila, ya ji ta tana magana da wani.

"Fasfo nake so," in ji baƙon. "Na zo karɓar jakar aikina ne a ofishin can, na ga shagonku. Wani kamfanin ƙanƙara ne ke neman mai gyara, sun ce a kawo hoto. Masu kirana a da duk sun watse."

"Allah ya sa a dace. Shiga ka zauna a kujerar can, yanzu zai ɗauke ka."

Mai hoto ya ɗaga labule. Shuɗiyar rigar ce, ta yi masa yawa yanzu. Tabarau ɗin yana fuskarsa, an ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Mutumin ya dubi mai hoto ya ɗan russuna ya gaishe shi, irin gaisuwar da ake yi wa wanda ba a taɓa gani ba. Ai kuwa bai taɓa ganinsa ba. Ranar nan inuwa kawai yake hange.

Mai hoto ya amsa da kai, bai yarda ya yi magana ba. Ya nuna masa kujera da hannu. A ƙa'ida ana cire tabarau kafin a ɗauki fasfo, amma ko da wasa bai iya nuna masa ya cire ba. Ya kunna fitila, ya ja baya, ya ɗaga kyamara.

Kyamarar na ɗagawa, kan mutumin ya yi ƙasa. Ba wanda ya ce masa, ba wanda ya taɓa ƙeyarsa. Haɓarsa ta sauka a ƙirji, kafaɗunsa suka tattaru, hannayensa suka haɗu a tsakanin gwiwoyi.

Mai hoto ya jira. Ya yi masa alama da hannu, amma wanda ke kallon ƙasa ba ya ganin alama. Ya waiga wajen matarsa ko za ta cece shi. Tana tsaye a bakin labule, ta gane rigar ita ma, ta kawar da kai. Babu yadda zai yi.

"Ɗaga kanka," ya ce, a hankali ƙwarai.

Mutumin bai ɗago ba.

"Sake faɗa," in ji shi.

"Na ce... ka ɗaga kanka, ɗan'uwa."

Ya ɗago sannu a hankali, ya gyara tabarau da yatsa, ya ƙare wa mai hoto kallo tun daga hula har takalmi.

"Na san muryar nan," ya ce. "Duk zaman da na yi a ciki, ita ke tashina daga barci. Kai ne."

"Ni ne."

Mai hoto ya so ya ƙara da cewa shi ne kuma ya je ya faɗi gaskiya, shi ya kai zanin, shi ya buɗe kwamfutar. Maganar ta zo har bakinsa. Ya dubi zaren da ke ƙafar tabarau ɗin, ya haɗiye ta.

Ya ɗauka mutumin zai tashi ya fita, ko ya tofa masa yawu, kuma da ya yi ba zai ga laifinsa ba. Amma sai ya ga ya gyara zama. Ya miƙe baya, ya daidaita wuyan rigarsa, ya ɗora hannuwa a kan gwiwoyi.

"To ɗauka," ya ce. "Yau ina ganinka."

Ya kafe kyamarar da ido, kansa a sama, bayansa farin labule, gabansa babu komai. Ya zauna yana jira. Mai hoto ne ya kasa ɗago nasa kan.